Yadda Na Saya wa Mutanen Maska Gida a Kano

A ƙasarmu ta Maska, idan masara ta yi daraja, ciwo uku ne ke kama manomi: ko ya ƙara aure, ko ya biya kujerar Makka, ko ya sayo motar da ba ta iya shiga hanyar gonarsa. Allah ya tsare ni daga ukun nan a 2024, shekarar da buhun masara ya yi kuɗin da kakanninmu ba su taɓa ji ba. Sai ya jarrabe ni da na huɗu: na wayi gari ina son gida a Kano.

Hujjata kuwa mai ƙarfi ce. Ina kai masara da waken suya Dawanau, kasuwar hatsin da ake cewa babu kamarta a Afirka ta Yamma, na kuma gaji da kwana a shagon mutane. Ga babban ɗana yana neman shiga Jami'ar Bayero. Da na kai wa uwargida maganar, ko ɗago kai ba ta yi ba daga tsintar shinkafarta.

"Malam, gidan ne kawai, ko har da mai share shi?"

Na rantse, na sake rantsewa. Ta ce Allah ya sa alheri, da irin muryar da ake yi wa mutum gaisuwar asara.

Na bi ta Bakori, Malumfashi, Dayi, Gwarzo, na sauka a Kabuga, inda wani abokin kasuwa ya haɗa ni da dillali. Ofishinsa benci ne a gindin darbejiya. Wayoyi uku gare shi, da tarin mukullai a aljihu, yana tafiya suna kaɗawa. Ban gama sallama ba ya kama hannuna da hannu biyu.

"Alhaji, ranka ya daɗe, ai gidanka yana hannuna. Mai shi matsuwa ce ta same shi, jiya ma kuka yake."

Ban taɓa zuwa Makka ba. Wannan Alhajin shi ne kaɗai abin da na samu kyauta a duk cinikin.

Na faɗa masa buƙatata: ɗakuna huɗu, ruwa, takarda mai kyau, kuma a kan hanyar Gwarzo, don in na tashi komawa gida kada in ratsa cunkoson gari. Ya ce an gama. Muka tare adaidaita sahu, tunda an hana acaɓa a birnin tun 2013, kuma kuɗin a kaina. Ba mu yi nisa ba ya ce a tsaya, wani ya shigo. Wannan shi ya san wanda ya san gidan. A Rijiyar Zaki wani ya ƙaru, shi ne maƙwabcin mai riƙe da mukulli. Kafin azahar mun zama adaidaita biyu, kowa yana kirana Alhaji, kowa kuma yana jin yunwa. A ranar na san kuɗin gurasa da tsire a Kano fiye da yadda na san kuɗin taki.

Gidan farko "bakin titi" ne. Muka bar kwalta, muka shiga lungu, lungun ya haifi wani lungun, har sai da na tattare babbar rigata na riƙa tafiya a kaikaice. Na ce ina titin? Ya nuna wata kwata da ke malala.

"Nan zai biyo, Alhaji. Yana cikin tsari."

Wani gidan kuma an ce mini wuta ba ta yankewa. Gaskiya ne. Babbar wayar lantarki ce ta ratsa ta saman rufin tana gurnani dare da rana, sai dai ba ta sauka a unguwar.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne na wajen Ɗorayi, don a nan aka raina mini sana'a. Gida ne mai kyau, da soro, da tsakar gida shafe da siminti, an yi masa sabon fenti daga ƙasa zuwa daidai ƙirjina, daga nan kuma sai tsoho. Na leƙa baya na ga kududdufi ya bushe, yara na buga ƙwallo a ciki. Na duƙa na ɗebi ƙasar na murza. Mu fa 'yan Katsina Laka ne. Ƙasar da ta riƙe audugar da ta sa aka kafa injin gurza da masaƙa a Funtua, ita muke takawa tun muna rarrafe. Na ce masa wannan fadama ce, in Agusta ta yi sai dai a shiga ɗaki da kwalekwale, shinkafa ya kamata a shuka a falon. Ko gezau bai yi ba.

"To ka gani, Alhaji! Shi ya sa rijiyar gidan ba ta taɓa ƙafewa ba."

Sai gidan gado. Duk mai neman gida a birni, in ya ji an ce "na magada ne, sun matsu a raba," to ya ɗaure takalminsa. Babban wa ya sallama mini da safe. Da la'asar ƙanwarsa ta iso da mijinta, ta ce ita ba a shawarce ta ba. Akwai wani a Saudiyya da sai an jira shi, akwai wani da ya riga ya sayar da kasonsa ga mutum biyu, maganar ma tana gaban alƙali. Muna cikin haka wata tsohuwa ta ɗaga labule daga ɗakin ƙurya ta dube ni sama da ƙasa.

"Ɗan nan, kai ne mai sayen? To da ni za ka saya, don gawata ce kawai za ta fita daga ɗakin nan."

Na ce Allah ya ƙara lafiya, Gwaggo, na nemi takalmina.

Batun takarda kuwa makaranta ce mai zaman kanta. A Kano akwai awon gwamnati, akwai awon igiya, wato gonar da mai ita ya yanka filaye da kansa, dagaci ko mai unguwa ya sa hannu. Tun dokar ƙasa ta 1978, ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna, takardar mallakar da ake rububi a kanta ma aro ne na shekara 99. Da yawa daga unguwannin bayan gari awon igiya ne, mutanen kirki na zaune a ciki lafiya, amma wata takardar da aka miƙo mini daga littafin makaranta aka yago ta, a bayanta akwai lissafin ɗan firamare da malam ya ba shi biyu bisa goma. Sannan tun rusau ɗin da aka yi a 2023, babu abin da Bakano ke tsoro kamar jan fenti a bangonsa. Na ga wani gida da aka shafe wuri guda da farar ƙasa, jan gicciye yana leƙowa ta ƙarƙashi. Dillalina ya ce yaran unguwa ne, masu son wata ƙungiyar ƙwallo.

Daga ƙarshe dai Allah ya yanke wahala a wajen Rimin Gata. Na ɗauki lauya ya bincika takardun a ma'aikatar ƙasa, suka fito tsaf. Aka sa miliyan 25, na taya 15, aka ce albarka. Na yi fushi na tafi, aka biyo ni, na dawo, aka sallama a 19. Na ba da kafin alƙalami, muka sa ranar biya.

Ranar nan soron ya cika kamar gidan suna. La'ada kashi 5 cikin 100 ce, na san da ita, amma ban san masu ita sun kai haka ba. Ga wanda ya nuna lungun da baki, ga mai shayin da aka fara zancen a teburinsa, ga wani dattijo da ban taɓa gani ba, ya ce shi ya yi addu'ar Allah ya kawo mai saye. Bayan shaidu sun sa hannu, mai gidan, wani tsoho mai tsoron Allah, ya riƙe hannuna.

"Allah ya sa ka shiga a sa'a. Ni dai 17 na ce, biyun da ke sama na yaran nan ne."

Tari ya sarƙe dillalina, wayoyinsa uku suka yi ƙara lokaci guda, ya fita amsawa. Har yau bai gama amsawa ba.

Labari ya riga ni isa Maska. Farko wani kawuna ne ya zo ganin likita a Asibitin Malam Aminu Kano, da masu jinya huɗu. Wa zai hana mara lafiya masauki? Bayansa sai masu haɗa lefe a Kantin Kwari, sai masu tafiya Umara da jirginsu ya yi jinkiri, sai 'yan rakiyarsu, sai ɗaliban da suka zo jarrabawa suka ga garin ya yi musu. Abokan kasuwata na Dandume da Bakori suka mai da ɗaki guda sito. Yau in ka sauka a Kabuga ka ce wa mai adaidaita "gidan 'yan Maska," ba zai tambaye ka kwatance ba. Uwargida ta zo sau ɗaya, ta ƙirga takalman da ke bakin ƙofa, ta koma gida da fara'a. Ta tabbatar ko allura ba ta da wurin zama, balle amarya. Ɗana ya samu jami'ar, yana kwana a ɗakin ɗalibai.

Zuwana na baya-bayan nan da dare na isa, na samu gefen tabarma a soro. Wani saurayi da ban sani ba ya matsa mini, ya ce baƙo daga ina? Na ce daga Maska. Ya ce in saki jikina, mai gidan mutumin kirki ne, ba ya korar kowa, sai dai akwai shi da maƙo, famfon banɗaki ya lalace tun bara ya ƙi gyarawa.

Don haka ina roƙon jama'ar Maska, da na Funtua da suka shigo ta hannun surukai: gidan naku ne, ban hana kowa ba. Amma duk wanda mukullin ɗakin da ke hannun dama yake wurinsa, don girman Allah ya aiko mini da shi ta hannun direbobin tasha. Katifata tana ciki, ko ledarta ban cire ba.