Direba, Mota Ta Cika!

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya ya san mutumin nan. Yana ƙasa yana magiya: "Don Allah a ɗan matsa, ai akwai wuri, ko a bakin ƙofa ma na raɓa." Da zarar mazaunansa sun taɓa kujera, shi ne zai fara daka wa direba tsawa: "Malam mota ta cika, mu tafi! Buhunan gero ka ɗauko?" To, mutumin nan yanzu yana Kanada, ya samu takardar zama, kuma ɗan baffana ne.

Shekara bakwai ke nan da ya sauka Toronto da jaka ɗaya da rigar sanyi ta gwanjo. A bara waccan ya bugo mini waya, murya a raunane kamar an yi rasuwa.

"Yaya, ƙasar nan ta lalace. Baƙi sun yi mana yawa."

Na ce, "Ku wa?"

Ya ce layin ba ya da kyau.

A gaskiya kukansa ba na banza ba ne. A watan Yunin 2023 jama'ar Kanada suka kai miliyan 40, kuma a shekarar kaɗai an ƙaru da mutum sama da miliyan ɗaya, kusan dukansu daga waje. Gidaje kuwa ba sa haihuwa. Hukumar gidaje ta ƙasar da kanta ta ce sai an ƙara gida miliyan 3.5 a kan wanda ake ginawa kafin 2030, idan ana son talaka ya iya kama muhalli. Amma wa ya aika goron gayyata? Gwamnatin Justin Trudeau ce ta yi shelar za ta karɓi mutum 500,000 a 2025. Makarantu suka gano ɗalibin waje saniyar tatsa ce, yana biyan ninkin-ba-ninkin abin da ɗan ƙasa ke biya, suka cika azuzuwa suka manta ɗalibi yana barci. An gayyaci gari walima, ba a ƙara ko mudun shinkafa ba, sannan mai gida ya tsaya a zaure yana mamakin zarin baƙi.

Da hayaniya ta yi yawa kuma zaɓe ya ƙarato, sai aka bar jaki aka koma dukan taiki. A Janairun 2024 ministan shige da fice Marc Miller ya zaftare izinin karatu da kashi 35 cikin ɗari. Kuɗin guzurin da ɗalibi zai nuna a asusunsa ya tashi daga dala 10,000 zuwa 20,635. A watan Oktoba aka mayar da waccan 500,000 ta zama 395,000.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne dattijon da ya sayi gidansa tun ana sayar da gida da arha. Yana son gidaje su yi sauƙi saboda ɗansa mai shekara talatin ya daina cinye masa abin da ke cikin firij. Amma nasa gidan, kul! Wannan kullum ya riƙa hawa. In aka ce za a gina bene a layinsu, shi ne a sahun gaba a taron unguwa: benen zai tare wa furanninsa rana, kuma ina zai ajiye motarsa ta biyu? Sai a 2023 majalisar birnin Toronto ta amince a riƙa gina gida mai sassa huɗu a unguwannin birnin baki ɗaya. Ƙasar da ta fi kowace faɗi in ban da Rasha, wai ita ce ke kukan matsi.

Shi kuwa ɗan baffan nawa, abin da bai faɗa mini ba sai daga bakin matarsa na ji. Ya ci bashin banki ya sayi gida a Brampton, ya jera katifu shida a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ya zuba ɗalibai. Da rana yana Facebook yana rubuta "a rufe iyaka", ƙarshen wata yana ƙwanƙwasa ƙofar ƙasa da murmushi. Baƙin da suka lalata ƙasa su ne ke biya masa bashin bankin.

Makon jiya ya sake bugowa. Addu'arsa ta karɓu: ɗalibai sun ragu, kuɗin haya ya fara sauka, katifu huɗu babu kowa a kansu wata biyu.

"Yaya, gwamnatin nan ba ta da tausayi. Sun kashe mana kasuwa."

Na tambaye shi ko motar ce ta yi saura. Bai gane ba. Ya dai roƙe ni, in na ji wani yaro mai shirin tafiya karatu, in ba shi lambarsa. Akwai ragi ga ɗan gida.