Rabon Girki a Cikin Kwamfuta

Kwamfutar gidanmu tana da kishiyoyi. Da ka zura mata faifan fim, sai rigimar ranar girki ta tashi. Uwargida ita ce Windows Media Player, tare suka zo da ɗakin. Amarya kuwa VLC ce, 'yar Faransa, mai hula irin mazugin nan ruwan lemo da ake jerawa a titi in ana gyara. Ɗalibai ne suka raine ta a kusa da Paris, ba ta karɓar sadaki, kuma kusan duk faifan da ka miƙa mata za ta dafa.

Sai ga wata ta uku da ƙanena ya shigo da ita ba ɗaurin aure. Wai shi dai ya yi ta danna "na yarda" bai karanta ba. Tun daga ranar ta ƙwace girki, ko faifan bikin Yaya aka saka ita ce kan gaba.

Ashe alƙalin yana zaune a Control Panel, sunansa AutoPlay. Ka shiga, ka gangara layin DVD, ka zaɓi wadda kake so, ka danna Save. Ko ka ce a riƙa tambayarka kowane lokaci, in kana da ƙarfin yin shari'a kullum.

Uwargida dai tun zuwan Windows 8 a 2012 ta daina dafa DVD. Na ba amarya girkin dindindin, na kira yara su zo kallo. Babu wanda ya ɗago daga wayarsa.