Moda Ta Shiga Falo

Moda, wadda maharba ke fiƙe ganyenta su murza tsirkiyar baka, yau ita ce a farar tukunya kusa da talabijin, ana goge mata ƙura da tsumma mai laima. A daji ko akuya ba ta cika kula ta ba.

Asalinta nan ne, daga Najeriya har Kwango. Turawa suka kwashe ta, suka raɗa wa danginta sunan wani basarake na Italiya, wanda bai taɓa shan ranar Afirka ba. A 2017 kuma masana suka duba ƙwayoyin halittarta, suka ce ai ba gidanta ba ne, suka mayar da ita dangin Dracaena. Ita dai ko gezau.

Abin da ya ɗaga farashinta binciken NASA ne na 1989, da ya nuna tana zuƙe gurɓatacciyar iska. A rufaffen akwati aka yi gwajin, amma wa zai faɗa wa mai saye? Masana a jami'ar Drexel sun sake lissafi a 2019: sai an jera tsiro 10 zuwa 1,000 a kowane murabba'in mita kafin a kamo aikin iskar da ke shiga gida da kanta. Sai dai maigida ya koma zaure.

Ƙishirwa ba ta kashe ta, don da dare take buɗe ƙofofin ganyenta, da rana ta rufe ta adana ruwa. Ajalinta Hajiya ce mai tausayi, da ke ɗura mata buta guda safe da yamma har saiwar ta ruɓe, sannan a ce bakin maƙwabta ne.