Yadda Ake Kwashe Sunayen Ma'aikata, da Yadda Abubakar Ya Zama Ɗaya

Kundin cibiyar kwamfutoci shi ne rajistar da ke riƙe da sunan kowane ma'aikaci da iyakar inda aka yarda ya shiga. Ana magana da shi ta ƙa'idar LDAP, wadda ta fito a 1993. Idan za a kwashe shi zuwa sabuwar na'ura, ana juye shi a fayil mai tsarin LDIF, wanda aka tabbatar a 2000. A Active Directory na Microsoft, umarnin ldifde ke wannan aiki. Fitarwa yake yi, sai in an ƙara masa harafin -i, sannan ya shigar.

Fitarwa ba ta da wuya, sai ga sunaye masu lanƙwasa. Tsarin kan sauya duk sunan da ke da ɗ, ƙ ko ɓ zuwa Base64, don haka Ɗanladi kan fito a xophbmxhZGk=. A wani ofishin masu fiton kaya a Illela, inda mai wannan rubutu ya karɓi kwangilar kwashe kundin, maigidan ya leƙa allo ya ce a share wannan baƙo, bai taɓa ɗaukar Bature aiki ba.

Wajen shigarwa ake jin jiki. Kundin ba ya karɓar suna iri ɗaya sau biyu a rukuni guda, kuma ldifde na cin karo da kuskure sai ya tsaya cak. Wanda ya kafa wannan doka bai san ƙasar Sakkwato ba. Aikin ya tsaya a kan Abubakar Muhammad na biyu. Maganin da ke kusa shi ne harafin -k, mai cewa a tsallake kuskure a wuce. Na'ura ta bi umarni, ta ajiye Abubakar ɗaya, ta sallami sauran. Shi kuwa direban da ke zirga-zirga zuwa Birnin Ƙwanni, an rubuta shi Usman a nan, Ousmane a takardun Nijar, sai ya samu gurbi biyu.

Kalmar sirri ba ta bin fayil, saboda haka dole a sake wa kowa tasa. Wannan ya bayyana ne ranar Lahadi, ranar kasuwar Illela, ga motocin shanu sun yi layi, ga Abubakar-Abubakar sun kewaye ɗan kwangila, kowanne na rantsuwa shi ne na ainihi. Da biro da takarda aka yi aikin ranar, kuma har yau ba a biya cikon kuɗin kwangila ba.