Fafe Gora Ranar Tafiya

Tun da aka buɗe filin jirgin sama na Dutse a 2014, zamanin Gwamna Sule Lamido, maniyyacin Jigawa ya huta da kwasar kaya zuwa Kano ya yi ta kwanan zaune yana jiran jirgi. Yau mutumin Kiyawa ko Jahun ko Birnin Kudu zai sha kokonsa a gida, ya tashi daga filin da yanzu ake kira da sunan marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammadu Sanusi, kafin dare ya raba yana ƙasa mai tsarki. Jirgi dai ya matso har ƙofar gida, halinmu ne bai gusa ko taku ɗaya ba. Magabata sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa ranar ce muke fita neman wuƙar fafewar. Abin da na yi imani da shi, kuma zan kare shi a gaban kowa, shi ne mu bankwana da dawowa muke yi wa shiri, ita tafiyar kanta mun bar ta ga Allah da jami'in alhazai. Duk ƙarfinmu a jaka yake ƙarewa, alhali jakar ce ƙarshen abin da ya kamata a taɓa.

Ba zan ari sunan kowa ba, kaina zan gurfanar, domin na san halina. A ce gobe aka kira ni aka ce kujera ta samu. Wurin tela zan fara zuwa in ba da ɗinkin shadda kala biyar, ni da zan yi muhimman kwanakin aikin cikin ƙyalle biyu da allura ba ta taɓa ba. Daga nan sai zagayen dangi, daga Garu zuwa Limawa, ana "Allah ya sa a yi karɓaɓɓe" ina "amin" ina rubuta saƙo. Fasfo kuwa yana ƙasan adaka, tsakanin takardar filin gado da hoton aure, ba zan tuna da shi ba sai daren da za a wayi gari a tantance mu. A nan zan gano saura masa wata huɗu ya mutu, Saudiyya kuma ba ta karɓar wanda bai kai wata shida ba. In na ruga sabuntawa sai wata sabuwar ta ɓullo, domin yanzu dole bayanan fasfo su dace da na katin ɗan ƙasa, ni kuwa a can Muhammad ne, a banki Mohammed, a takardar firamare Mamman, ranar haihuwa kuma 1 ga Janairu, ranar da ka ce rabin masarautar nan a cikinta aka haife su. Yaron da ke bakin kwamfuta zai dube ni ya ce, "Baba, to a cikin mutum ukun nan wa zai tafi Makka?" Gyaran suna ba aikin yini ɗaya ba ne, kuma jinkirin ma kuɗi yake ci: fasfo mai shafi 32 ya koma naira 50,000 a Satumbar 2024, shekara guda bayan nan ya ninka zuwa 100,000.

Kuɗin kujerar ma haka yake wasan ɓuya da mai jira. A 2023 bai cika miliyan uku ba. A watan Yunin shekarar aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haye dubu da ɗari biyar cikin 'yan watanni. Maniyyatan Arewa na 2024 sun biya kusan miliyan 4.7, sun yi walima, an fara kiran su Alhaji, sai ga sanarwa a watan Maris cewa kowa ya ciko miliyan 1.9, wa'adin kuma 'yan kwanaki ne. A 2025 kujera ta wuce miliyan 8.4. Ni da lissafina shi ne in kora bijimai Maigatari ranar Alhamis ta ƙarshe kafin a rufe karɓar kuɗi, zan tarar duk mai irin dabarata ya koro nasa, dillali kuma yana hango gaggawa a idon mutum tun daga bakin kara. Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta buɗe adashin gata tare da bankin Jaiz tun 2020 don mutum ya riƙa zubawa kaɗan-kaɗan. Amma adashin da ba a sanar da unguwa ba, ba a yi masa fatiha ba, bai yi mana kama da niyya ba. Kuɗin guzuri kuwa dala 500 aka ba kowa a 2024, takardar saƙona kuma tana da suna sittin da uku, ban da 'yan "kai dai duk abin da ka gani."

Sai jaka, inda basirarmu take fitowa fili. Shekaru da dama ƙa'idar ita ce babba kilo 32, ta hannu kilo 8. Tawa za ta ɗauki garin tuwo, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji iri biyu, ƙuli-ƙuli, dambun nama, da man shanu a gorar lemo da aka toshe bakinta da leda aka ɗaure da ƙyauron roba. A kan sikeli za ta ba da kilo 47. Zan durƙusa a tsakar filin jirgi, babbar riga na sharar ƙasa, ina fitar da ƙulli ɗaya-ɗaya ina shawara da zuciyata tsakanin daddawa da takalmi. Man shanun kuwa ba ya son matsin cikin jirgi, sai ya nemi hanya, hanyar kuma kullum ta kan harami take bi. Haka zan shiga ɗawafi ina ƙamshin tuwon suna, mutanen Indonesiya na waiwaye. Goro ma zan so in soke a cikin safa, duk da kowace shekara sai an yi shela cewa hukumomin Saudiyya sun hana shiga da shi. Akwai dai wuri ɗaya da dariya take tsayawa, shi ne "Alhaji, ɗan ƙulli ne, ka miƙa wa ɗan'uwana a Makka." Hukuncin safarar ƙwaya a can yana kaiwa ga kisa. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba daga Kano a Madina aka tsare ta har wata huɗu saboda jakar da ba tata ba, wasu suka liƙa wa sunanta tun a gida. Kunyar ƙin karɓar saƙo ta minti biyar ce.

Za a ce da ni, to abincin Larabawa ba ya riƙe ciki, mutum ya yi wata guda ba tuwo? Na yarda da rabin maganar. Ƙullin yaji da ɗan garin kuka ba su kai kilo ba, kuma suna iya sulhunta Bahaushe da kowace irin shinkafa. Sauran kuwa ɗaukar ruwa ne zuwa kogi. Hukuma tana ciyar da alhazai a masaukansu, kuma Hausawa sun daɗe a Makka har sun yi jikoki, duk unguwar da alhazan Nijeriya suka sauka ba a rasa mai tuwo da miyar kuka a kusa. Gurbin da buhun gari ya cinye, na lema ne da maganin da mutum ya saba sha, da takardar likita mai bayaninsa, da katin rigakafin shawara da sanƙarau, da kwafin fasfo. Ɗalibanmu da yaƙin Sudan ya rutsa da su a Afrilun 2023, ciki har da 'yan Jigawa, sun ga ranar takarda a bakin iyakar Masar, inda ba a tambayar kowa kilo nawa ya ɗauko.

Magana mafi nauyi ita ce ta masu cewa Hajji kira ne, wanda aka kira zai je ko bai shirya ba, kakanninmu ma da ƙafa suka je ba fasfo ba sikeli. Ban musa kira ba, amma a daina jingina ragwancinmu da kakanni. Mutumin da zai bi ta Borno ya ratsa Chadi da Sudan ya tsallaka Bahar Maliya, ya san shekaru zai yi, ya san kuma wataƙila ba zai dawo ba. Sai ya biya bashi, ya mayar da amana, ya bar wasiyya, ya nemi gafarar wanda ya ɓata wa, ya tafi da sana'ar da zai ci abinci a hanya, ko ɗinki ko wanzanci ko noman ƙodago. Duk da haka da yawa a hanya suka tsaya. Mutanen garin Mai Wurno da ke Sudan zuriyar waɗanda suka yi gabas ne bayan yaƙin Burmi na 1903. Malamai kuma sun sanar da mu cewa iko sharaɗi ne na wajabcin Hajji, iko kuwa ya haɗa da guzuri da lafiya da abin da za a bar wa iyali. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, mutum sama da 1,300 suka rasu, mafi yawansu waɗanda suka shiga ba izini ne, ba tanti ba mota. Kowa da kwanansa, amma lema ba ta taɓa warware tawakkalin kowa ba.

Ƙafa ma ana shirya ta, mu kuwa takalmi muke shiryawa. Safa da Marwa kaɗai, sau bakwai, ya haura kilomita uku, ban da ɗawafi, ban da zuwa jifa daga tantin Mina a dawo, kwana uku a jere. Ni da ko masallacin unguwa sai na tare ɗan acaɓa, zan sayi sabon takalmi ranar kasuwar Shuwarin in adana shi a kwalinsa don kada ya tsufa kafin tafiya. Ranar farko zai ci min dunduniya, ranar biyu in koma ɗingishi, ranar uku wata tsohuwa 'yar Turkiyya mai sanda ta wuce ni tana dubana da tausayi. Ga duwatsu sun kewaye garin nan na Dutse, da su ma aka sa masa suna, hawa ɗaya bayan asuba na wata biyu kyauta ne, amma wanda aka gani yana yi sai a ce ko dai siga ce ta kama shi.

Gidan da za a bari shi ne babin da ba a buɗewa sam. An tsaya Arfa ranar 15 ga Yuni a 2024, ranar 5 ga Yuni a 2025, kowace shekara tana ja baya da kwana goma ko sha ɗaya. Wato a 'yan shekarun nan maniyyaci yana barin gida ne a bakin damina, kuma zai yi kwana talatin zuwa arba'in. Wa zai yi shuka in ruwa ya sauka? Irin gero yana wane rumbu? Wa aka bar wa kuɗin taki, da na cefane, da na ragon layya? Ni ba zan faɗa wa kowa ba, don kada a san sirrina. Katin cirar kuɗi zan bar wa maiɗakina, lambar kuma in tafi da ita a kaina. Sakamakon haka, a daidai lokacin da jama'a suka ɗaga hannu suna kuka a filin Arfa, ni ina bayan tanti da waya a kunne ina cewa, "Hajiya, ba ta ƙofar gabas ba, na ce gonar bakin kwalbati! A'a, kada ki ba Sale makullin!" Kuɗin wayar kaɗai ya isa ya biya 'yan ƙodago biyu.

Saura tsaraba, kuma a nan ina taka-tsantsan, domin masu kare ta suna da gaskiya: zumunci ne, wanda ya raka ka da addu'a yana da hakkin ya ga alama. Abin da nake ja a kai shi ne wurin saye. Carbi da darduma da hula da agogo mai kiran salla, akasarinsu daga Sin aka kai su Makka, irinsu kuma suna nan jibge a Kantin Kwari da kasuwar Hajj Camp a Kano, ba sikeli ba kuɗin awo. Ruwan Zamzam lita biyar ne, a nan gida ake miƙa wa kowa nasa, kuma kowa ya san yadda lita biyar take zagaye unguwa guda da taimakon randa. Dabino kuwa, a ce mutumin Dutse, garin da har cibiyar binciken dabino gwamnatin tarayya ta kafa a cikinsa, ya biya kuɗin wuce kima don ya ɗauko kilo goma daga Madina. Ajwa kwali ɗaya don albarka, na fahimta, sauran tara fa? Amma na san kaina. Ranar dawowa za a same ni a filin jirgin Jidda da jallabiya uku a jikina, ɗaya kan ɗaya, bargo a wuya, buta mai zinariya a hammata, gumi na bin ƙafa, ina rantse wa ma'aikaci cewa sanyi nake ji.

Ƙalubale ɗaya ne ban sami amsarsa ba, shi ne Gwaggo. In na bi shawarar kaina na sayo mata darduma a Kwari, za ta karɓa da hannu biyu ta sa albarka, sannan ta kai ta hanci ta shaƙa, ta juya ta ta duba bayanta, ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

"Ɗan nan, ashe Larabawa ma da naira suke rubuta farashi yanzu?"