Ranar da Mutumin Naku Ya Rina 'Yan Ɗaurin Aure

Tsofaffin hotuna marasa launi suna da wata yaudara: kowa ka gani a ciki mai kwarjini ne. Akwai irinsu guda a ɗakin Inna, na marigayi kakan mutumin naku, wato mai wannan alƙalami, wanda saboda dalilan da za su fito nan gaba ya gwammace a riƙa ambatonsa kamar wani ne can daban. Tsohon yana zaune bisa buzu, ya sha kore, rigar nan baƙa wuluk mai ɗaukar ido, ya naɗa rawani ɗan Kura, yana duban mai hoto kamar yana binsa bashi.

Mutumin naku dama yana da ciwon kayan da. Hularsa haɓar kada, agogonsa sai an yi masa wani kowace safiya, kuma 'yan gwanjon Ƙofar Wambai sun san shi da neman kwat irin ta malaman firamare na shekarun 1970. Da aka sa ranar auren ƙanin matarsa, aka ce duk maza farar shadda za su sa, sai ya ƙudurta a ransa cewa shi kore zai sa, irin ta kakansa. Kuma da hannunsa zai yi ta, daga yanka har rini.

Ya fara da marinar Ƙofar Mata, wai don ya saci fasaha. Allon da ke bakin wurin ya ce tun 1498 ake rini a nan, ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ke nan. Rijiyoyin suna nan birjik a fili, wasu na aiki, da yawa sun cike da ƙasa. Wanda ya ga wurin yau zai yi wuya ya yarda cewa wannan sana'a ce ta taɓa tufatar da rabin Sahara. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a ƙasar Kano suna kaiwa Gat da Murzuk da Tarabulus da Tumbutu, har ya ƙiyasta cinikinsu a waje da aƙalla wuri miliyan 300 a shekara. Daga baya kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta a 1897, atamfa da yadin kanti suka biyo baya, rijiyoyi suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Wani dattijo na tsugune a bakin rijiyarsa, yana tsoma zane yana ɗagawa. Mutumin naku ya gaishe shi, ya tambayi kuɗin rina babbar riga har ta yi baƙi. Da ya ji farashi sai ya yi tari, ya koma tambayar yadda ake haɗa ruwan.

"Baba ne da toka da katsi, ɗana," in ji tsohon. "Sai haƙuri."

"Shi ke nan, Baba?"

"Shi ke nan."

Mutumin naku ya rubuta abu uku a takarda. Na huɗun ya ɗauka gaisuwa ce.

Abin da tsohon bai tsaya fassarawa ba shi ne, shuni ba ya narkewa a ruwa. Ko ka kwana kana motsawa, gari zai koma ƙasa ya kwanta. Sai an bar baba ya jiƙa cikin ruwan toka na kwanaki masu yawa, ya ruɓe, ƙananan halittun da ido ba ya gani su cinye iskar da ke cikin ruwan, sannan shunin ya sauya kama ya narke, ya iya shiga zaren auduga. Shi ya sa zane ke fitowa daga rijiya tsanwa-tsanwa, sai ya sha iska ya rikiɗe shuɗi a gaban idonka. Shi ya sa kuma marini ke yini yana tsomawa yana ɗagawa: kowane tsomi yana ƙara duhu kaɗan ne, kuma baƙin kore sai an yi ta maimaitawa. Rijiyar kanta tana da zurfin da ya fi tsayin mutum sau biyu ko fiye, zurfin ne ke riƙe mata ɗumi daidai. Mutumin naku ba shi da rijiya. Yana da durom ɗin roba da Uwargida ke tara ruwa a ciki.

Kafin ruwa ya nuna, ya juya ga ɗinki. Ya sayo alawayyo a Kantin Kwari, ya aro keken Inna, tsohuwar Butterfly mai taka ƙafa wadda ta girme shi. Babbar riga a ido abu ce mai sauƙi: faffaɗan yadi, a huda wuya a tsakiya, a ɗinke gefe daga ƙasa. Wuyan tasa ya ɗan karkata hagu, ya ce ai dama aljihun babbar riga a hagu yake, sun dace. Aikin allura kuwa, aska takwas da masu ɗinkin hannu na Zariya ke shafe watanni a kanta, ya rage ta zuwa aska biyu saboda ƙurewar lokaci. Da ya gama, ƙaramar 'yarsa ta leƙo ta tambaya ko wutsiyoyin ƙadangare ne.

A bayan madafa kuma durom ya fara magana. Duk wanda ya taɓa wucewa ta marina ya san warin, amma marina a fili take, iska na kwashewa. Wannan a tsakar gida yake, tsakanin katangu huɗu, cikin zafin bazara. Maƙwabci ya aiko yaro da sallama, wai a duba ko masai ne ya fashe. Uwargida ta kwashe tukwanenta ta koma girki a zaure.

"Malam, nawa ne ma tsohon ya ce zai rina maka?"

Ya faɗa mata.

"Kuma nawa ka kashe zuwa yanzu?"

Ya ce lissafi ba na mata ba ne. Ta ce araha dai ba ta ado, ta ja ƙofa.

Ranar aure na matsowa, ruwa bai nuna ba. Ya tsoma ƙyalle, ya fito da launin ruwan wanki. Nan ne ya tafi kasuwa ya sayo galura shuɗiya da baƙa, ya zazzage su duka a durom, ya motsa da muciyar tuwo, a kan cewa kakanni ma da sun samu galura da ba su wahalar da kansu ba. Rigar ta shiga, ta fito da duhu kam. Sai dai duk inda keken Inna ya bi, ga farin layi nan ƙal, daga kafaɗa har ƙasa, har da askakin nan biyu. Zaren da ya yi ɗinki da shi na roba ne, irin wanda ake kira foliyesta, shi kuwa ba ya shan rinin da auduga ke sha. Hannuwansa, da yake fata ba ta da wannan girman kai, sun sha har gwiwa.

Saura ƙyalli. A nan ne ya kamata mutum ya cire hula ga mutanen Kura. A garin nan da ke kudu da Kano ake yin turkuɗi da ɗan Kura, daga siraran ƙwaryar saƙa da ake harhaɗawa, a rina, sannan a kai wa masu bugu. Su kan shimfiɗa zanen a kan gungumen itace, su zuba masa garin shuni, su yi ta dukansa da manyan gudumomin itace har ya yi santsi yana walƙiya. Buzayen Agadas da na can cikin hamada su ne manyan masu sayensa, kuma sun san shunin yana zuba a jiki. So suke yi. Abin ado ne a wurinsu, har Turawa suka laƙaba musu sunan shuɗɗan mutane. Mutumin naku ya san wannan labari sarai, ya sha ba da shi a majalisa. Bai dai taɓa kawo wa ransa cewa yana da alaƙa da farar shaddar surukansa ba.

Ya kwantar da turmi a gefe, ya shimfiɗa riga, ya barbaɗa garin shuni, ya ɗiga man gyaɗa don ya kama (wannan ƙarin basirarsa ce, kada a ɗora wa Kurawa), ya ɗauki taɓarya. Har bayan lisha unguwa na jin dukan. Rigar ta yi ƙyalli, a faɗi gaskiya. Da ya sa ta ya tsaya gaban madubi da haɓar kadarsa, daga nesa, da fitila a bayansa, in aka runtse ido ɗaya, akwai kakansa a ciki.

Asabar ta zo da rana irin ta watan Afrilu a Kano, wadda ke haura digiri 40 ba tare da neman izini ba. Aka cusa shi a bayan mota tsakanin Kawu, waliyyin ango, da wani abokin ango, kowannensu cikin shadda fara sol mai sitaci. Tafiyar ba ta da nisa, amma akwai cunkoso, gilashi ɗaya kuma ba ya sauka. Mutumin naku ya fara gumi. Ya share goshi da hannun riga. Ya share wuya.

Da aka fito a ƙofar masallaci, yara ne suka fara lura. Fuskarsa ta yi shuɗi daga goshi zuwa haɓa, sai idanu da haƙora. Kawu kuwa gefensa na dama, tun daga kafaɗa har cinya, ya koma kalar sararin sama, shi bai ma sani ba, yana ta gaisawa da jama'a. Mutumin naku da ba ya ganin fuskarsa ya ɗauka kallon da ake yi masa na sha'awa ne, sai ya ƙara saɓa riga, ya shiga cikin taro yana miƙa hannu. Duk wanda ya gaisa da shi ya shafa fuska bayan fatiha, ya tashi da alama. Liman ya samu tasa a gemu. Aka shafa, aka ce an ɗaura, mutumin naku ya ratsa sahu ya rungume ango da hannu biyu, irin rungumar da ake yi wa ƙanin mata, ya bubbuga bayansa. Mai hoto ya ɗauka. Hoton yana nan, tafuka biyu shuɗɗa a bayan ango, yatsu goma cif.

Wani dattijo daga dangin amarya ya matso, ya dube shi sama da ƙasa, ya tambaya cikin ladabi ko baƙon daga Agadas ya zo, don a ba shi masauki.

Shadda ba ta saki ba. An jiƙa, an wanke, an kai wa mai wanki da guga, ya dawo da ita ya ce a yi haƙuri. Taron dangi ya yanke cewa tunda ba za ta koma fara ba, a ƙarasa ta, kuma kowa ya san aljihun da zai biya. Ranar Litinin mutumin naku ya koma Ƙofar Mata da ƙunshi a ka: ta Kawu, ta ango, ta abokin ango, da rawanin liman. Dattijon nan yana inda ya bar shi. Ya kwance ƙunshin, ya ɗaga rigunan ɗaya bayan ɗaya, ya dubi kunnuwan mai kawowa, waɗanda har lokacin ba su gama washewa ba.

"Wa ya yi maka wannan aiki, ɗana?"

"Wani ne, Baba. A unguwarmu yake."

"To ka gaishe shi," in ji tsohon, yana ƙirga riguna. "Ka ce masa in akwai wani biki a danginku, kada ya fasa zuwa."