Sarkin Kati, Ina Cinikin?

Bazazzage, bawan Kanawa. Tun kafin ka sauka daga mota a Kwangila labari ya iso mini cewa ka je baje kolin Kaduna ka ci kasuwa da ido, ka dawo da aljihu biyu shaƙe da katunan mutane, da hular kyauta mai tambarin kamfanin taki, da ciwon ƙafa. Kada ka tambaye ni wanda ya tsegunta mini. Kai ka yi wa kanka shela, tunda babu mai lambarka da bai sha hotunanka a WhatsApp ba. Ga ka a bakin ƙofa, ga ka ka dafa tarakta, ga ka ka leƙo da kai ta bayan kafaɗar wani babban mutum da bai ma san kana duniya ba. A ƙarƙashin wannan na ƙarshen har da rubuta wai ana ƙulla alaƙa. Da wa, Malam? Da ƙeyarsa?

To, sassauta fuskar, ban ce zuwan laifi ba ne. Zuwan ma shi ne abu mafi hankali da na ji wani Bazazzage ya yi a bana. Filin yana nan a Rigachikun, a kan hanyarku, ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Kaduna, wato KADCCIMA, tana tara jama'a duk shekara daga jihohi da ƙasashen waje. Mutumin da za ka yi wata shida kana zarya a ofishinsa maigadi yana ce maka ya fita, a can za ka same shi zaune a rumfa yana fifita da takarda, yana neman wanda zai yi masa magana. Dama ce da ba ta samuwa kullum. Abin da ka yi da ita ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Mu fara da kayanka. Ni Bakano ne, yabon Zazzau ɗaci yake yi mini a baki, amma zan haɗiye: a ɗinkin babbar riga na hannu, masu allurar cikin ganuwarku ba su da na biyu. Riga mai aska takwas da ta fito daga zaurukanku, sarki ma sai ya sake kallonta. Wannan sana'a ka gada, da ita kake ci, yaranka suna can sun duƙufa wata da watanni a kan riga ɗaya. Sai ga ka a taron da masu kuɗi suka hallara ba ka riƙe da riga ko ɗaya, kai kanka kuma ka saka kaftanin yadi ɗinkin keke. Da aka ce ina samfurin, wai yana cikin waya. Aka buɗe wayar, hoton ya yi duhu, rabinsa babban yatsanka ne.

Wannan duk mai sauƙi ne. Wani mai kanti daga Abuja, wanda manya suke saye a wurinsa, ya tsaya ya saurare ka, ya yi maka tambaya uku: nawa guda, guda nawa za ka iya fitarwa a wata, yaushe zai karɓa. Sai ka gyara tsayuwa, ka yi gyaran murya, ka ɗauko masa tun daga Bakwa Turunku. Kana tsakiyar yaƙe-yaƙen Sarauniya Amina mutumin ya ce zai je salla ya dawo. Ina fata dai ba ka can har yanzu kana jiransa. Abin da yake damun ku Zage-zagi ke nan: karatu ya yi muku yawa har ya toshe ƙofar ciniki. Tun 1962 kuke da jami'a, a Kongo an daɗe ana koyar da akanta da sha'anin kasuwanci, ku kuna koyarwa, mu muna yi. Yaro ɗan shekara goma sha biyar a Kantin Kwari, ka tashe shi daga barci ka tambaye shi kuɗin bandir, zai faɗa maka na sari da na ɗaiɗai kafin ya buɗe ido.

Sai kuma farautar manya. Da aka ce baƙi na musamman sun iso, ka ture mutane, ka taka wa wani dattijo ƙafa, don kawai hannunka ya taɓa hannun mai rawani. Ka samu, Allah ya sanya albarka. Shi dai ya gaisa da ɗaruruwa a ranar, kuma kafin ya isa mota ya manta da ku duka. Alhali waɗanda za su amfane ka suna zaune babu mai kula su. Akwai saurayin nan da ke bayan tebur da littafi, shi yake rubuta wanda za a kira bayan an tashi. Akwai akawun da ya san ranar da maigidansa yake zama da ranar da ba a tunkararsa. Akwai mai rumfar da ke kusa, wanda yake sayar da hula da takalmi ga irin mutanen da za su sayi rigarka, kuma ba kishiyarka ba ne. Rumfunan hukumomi irin su SMEDAN da NEPC, inda za a yi maka bayanin yadda ƙaramin ɗan kasuwa yake samun horo ko ya fitar da kaya waje, ka wuce su da sauri don ba a raba hula a can. Da ka tsaya ma da tambayar farko ta kayar da kai, tunda har yau sunan kasuwancinka bai ga rajistar CAC ba, kuma asusun da kake karɓar kuɗi da shi shi ne wanda uwargida take turo cefane.

Wurin da ka nuna ƙwazo na gaske shi ne layin abinci, wannan kam na sara maka. Amma ko a nan ka yi asara, Furofesan Rake. Babu inda bakin mutum yake sakewa irin gaban faranti. A nan ake jin wanda yake neman kaya bai samu ba, da wanda mai kawo masa ya yaudare shi yake neman madadi. Kai kuwa ka sunkuyar da kai, ka yi wa cinyar kaza tsirara, ka ɗago sai wurin neman ƙari.

Ka zauna in ba ka darasi kyauta, tunda ku ba ku jin magana sai an haɗa da tarihi. Kakanninmu fatake da suke kai kaya Gwanja su ɗauko goro a Salaga, tafiyar watanni a ƙasa da jakuna, ba su da kati, ba su da waya. Abin da suke da shi mutane ne a kowane zango. Falke in ya isa gari, gidan fatomansa yake sauka. Fatoma ya ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, in ciniki na bashi ne ya tsaya a tsakani da sunansa, ya ɗauki la'adarsa. Wannan sanayya ba a wuni ɗaya ake yin ta ba. Ubanka ya sauka a gidan, kai ka sauka, ɗanka zai sauka, kuma duk wanda ya ci amana sau ɗaya, labarinsa yana riga shi isa zango na gaba. Ka je kara a Wudil ko Maigatari ranar kasuwa, za ka tarar har yau da dillali ake sayen sa, don shi ya san mai dabbar, shi za a riƙe in ta zama ta sata.

Alhassan Ɗantata daga wannan makaranta ya fito. Fataucin goro ya fara yi tsakanin Kano da ƙasar Gwanja har zuwa Ankara. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kasuwar gyaɗa ta buɗe, Turawan kamfani suna da kuɗi amma ba su san kowa a ƙauye ba. Shi kuwa ya san mutanen ƙauye. Yana da yara da wakilai da zai ba kuɗi su shiga karkara su dawo da gyaɗa, ba tare da ya bi su da sanda ba. Da ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Ban taɓa jin an ce ya yi suna wurin ɗaukar hoto da Razdan ba.

Na san abin da za ka ce, don bakinka na san shi tun muna yara. Za ka ce Bakano ko gaisuwa ya yi maka akwai lissafi a ciki, wai mu ba mu san zumunci ba sai na aljihu. Na ji, kuma ban musa duka ba. Amma ka zo Kwari ko Singa ka ga yadda ake ɗora wa mutum kayan miliyoyi ya tafi Maraɗi ko Yola babu takarda, sai ka kai ka sayar ka kawo. Ka tambayi yadda aka kai ga haka. An fara ba shi kaɗan ya dawo da kuɗi ranar da ya ce. Mahaifiyar maigidan ta rasu ya zo ta'aziyya daga nesa. An zo neman abin da ba shi da shi, ya kama hannun mai saye ya kai shi shagon wani bai nemi ko sisi ba. Mutanenmu da suke zuwa baje kolin Kanton a ƙasar Sin, wanda ake yi sau biyu a shekara tun 1957, su ma kati suke tarawa, har sun fi ka. Sai dai kafin jirgi ya sauke su a Kano sun riga sun ware uku ko huɗu da za su bi, sun tura saƙo, sun nemi samfur. In wannan ne son kuɗi, Allah ya ƙara mana, ya ɗan yafa muku.

Naka katunan fa? An ce ka ɗaure su da roba ka jefa cikin akwati tare da tsofaffin takardun wuta da hotunan aurenka. Iri ne ka zuba a aljihu kana jiran ya yi tsiro. Ranar da za ka tuna da su sai babbar salla ta matso kuɗi sun yanke, ka kira mutum da tsakar dare ka ce, “Alhaji, ba ka gane ni ba? Ni ne na Kaduna!” Mutum dubu nawa ne na Kaduna? Ka fito da su yau, tun fuskarka ba ta gama gogewa a zukatan mutane ba, ko da yake irin fuskarka ba ta saurin gogewa, wannan baiwa ce Allah ya yi maka. Ka zubar da na manyan. Ka nemo na mai kantin Abuja, ka ba shi haƙurin laccar da ya sha, ka tura masa hoton riga uku da aka ɗauka da rana, kowace da kuɗinta da kwanakin da za ta ci. In ka ce masa sati shida, to ya zama sati shida irin na kalanda, ba irin na Zariya ba.

Namu baje kolin yana nan tafe wajen ƙarshen shekara a titin gidan Zu. Ka zo, ɗakin baƙi yana nan, gurasa ba ta yankewa. Ka taho da riguna a hannu, ka saka ɗaya a jikinka, zan kai ka wurin mutum biyu a Kwari da suke da masu saye har Yamai da Agadas. Sharaɗina kaɗan ne. In an tambaye ka farashi ka faɗi lamba ka yi shiru. In za ka yi maganar uwargida a gaban mutane, kada in ji “matata ya ce”, don ba zan iya kare ka ba. La'adata kuwa riga ce mai aska takwas, kuma ba ta shafi kuɗin sharar da ka ci mini na bara ba, wannan lissafinsa daban.